Shaidar Liyatu

Gidan Tanko, ta Bunkure
Watan Janairu

Zuwa ga 'yata Uwani,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Irmiya. Yaya nauyin jiki? Yaya Legas da hayaniyarta? Ina fata kumburin ƙafar da kika ce yana damunki ya sauka. Mu nan sai godiya. An sako ruwan kanal a kan kari bana, tumatir ya yi kyau, har mun fara kai kaya Kwanar Gafan.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya. Wayar gidan nan a ƙullin zanin innarki take wuni, kuma duk sanda kika kira, kafin in gama amsa gaisuwarki ta karɓe. Maganar da ke bakina kuwa ba ta gabanta ba ce. Shi ya sa na roƙi Hashimu, direban da ke kai tumatirinmu kasuwarku, ya miƙa wa mijinki hannu da hannu.

Kin san farkon zancen, amma bari in maimaita. Bara waccan da aka ga ƙari a ƙirjin innarki ta hagu, likitocin Kano suka ce ciwon daji ne. Suka fara sa mata magani ta jijiya, suka ce sai ya motse sannan a yi aiki. Maganin ya wahalar da ita, gashinta ya zube, ko kunu ba ya zama a cikinta. Ana cikin haka aka yi taron farkaswa na kaka a majami'armu, baƙon mai bishara ya kira marasa lafiya su fito. Ta fita, ya ɗora mata hannu a ka. Ta ce ta ji wani zafi ya sauko tun daga ƙwanƙwan kanta har ƙirji. Da muka koma gida ta laluba, ta ce babu komai sai ɗan tauri kamar ƙwayar gero. Daga ranar ba ta sake taka asibiti ba. Ranar Lahadi ta tsaya gaban ikilisiya ta ba da shaida cewa Yesu Ya warkar da ita sarai.

Uwani, ranar nan har rawa na yi, ni da rabona da rawa tun bikinki. Gashinta ya fito, ƙibarta ta dawo, ta koma turara shinkafa ita da aminiyarta Mairama kamar dā. Ƙauyukan masu bi daga nan har wajen Rano da Kibiya suka riƙa aikowa a zo da Liyatu ta ba da shaida. Ta kan ɗaura zanin zumuntar mata ta hau babur, ta dawo da yamma murya a dishe, fuska kamar an wanke ta. Tunda na aure ta ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na shekarar nan ba.

To, tun kafin Kirsimeti na fara lura da wasu abubuwa. Ba ta ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa. Idan za ta ɗora kwano a ka, sai ta tokare shi da gwiwa ta cicciɓa da dama kaɗai. Riga biyu take sawa ko da rana ta buɗe. Wankinta kuma ta daina yi cikin mata, sai ta tafi can ƙasan kanal inda ba kowa. Rannan da safe muna gindin mangwaron tsakar gida na yi ta maza na tambaye ta ko abin nan ne ya dawo. Ta dube ni ta ce wanda Ya warkar da ita ba Ya aiki rabi da rabi, abin da take ji gwaji ne daga Magabci, kuma idan na sake kawo wannan zance, ni ne zan buɗe masa ƙofa.

Kada ki ɗauka na daina ba da gaskiya. Ni na san Ubangiji Yana warkarwa. Lokacin da sanƙarau ya kama ki kina 'yar shekara huɗu, wuyanki ya sanƙare, kowa ya fid da rai, dattawa suka shafa miki mai suka yi addu'a, ga ki nan yau kina shirin zama uwa. Sai dai a lokacin addu'ar a gefen gadon asibitin Kura aka yi ta. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ban sani ba ko wannan tunani nawa hankali ne, ko kuwa shi ne ƙarancin bangaskiyar da take faɗa.

Ke kaɗai Allah Ya bar mana, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Ba na so ki taso da tsohon ciki a wannan doguwar hanya. Ki yi addu'a, ki kuma ba ni shawara. Don Allah idan kun yi waya kada ki nuna mata na rubuto.

Ki gaishe da Irmiya ƙwarai. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni ne mahaifinki,
Filibus Tanko

Gidan Tanko
Watan Maris

Uwani 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da ke da abin da ke cikinki, da maigidanki. Amsarki ta iso, na karanta ta a gona. Tsarabar da kika aiko wa innarki ma ta iso, ta ce a yi miki godiya.

Ban ga laifinki ba da kika kasa daurewa kika tambaye ta a waya. Tana ajiye wayar ta san daga inda zancen ya fito. Ba ta yi faɗa ba, dā ma ta yi. Abinci kawai take ajiye mini ta juya, har kusan mako ba ta ce mini kanzil ba.

Yanzu kam ba batun zato ba ne. Wurin ya fashe. Ban gani da idona ba, domin ba ta yarda, amma ɗaki ɗaya muke kwana, kuma akwai abin da turaren wuta ba ya ɓoyewa. Ki yafe mini da na rubuta miki irin wannan, ba magana ce ta uba da 'ya ba, amma ba ni da yadda zan yi.

Mutum ɗaya ta bari ya gani, ita ce Mairama. Kin san tsakaninsu: tun kina goye suke turara shinkafa a tukunya ɗaya, wannan ta tashi ta yi sallarta, waccan ta kula da wuta. Kullum da hantsi Mairama ke tsallako kanal daga ƙauyensu, su shige ɗaki su rufe ƙofa, ta wanke mata da ruwan ɗumi da gishiri ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Shekaranjiya ta biyo ni har gona ina cikin tsinkar tumatir. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce, Malam Filibus, ashe kana raye za ka zuba ido matarka ta ruɓe? Ta ce su ma suna roƙon Allah waraka dare da rana, amma limaminsu da ƙafarsa yake zuwa karɓar maganin suga. Ta ce idan ban kai ta Kano ba, ita za ta sa 'ya'yanta su ɗauke ta. Ta yi ta faɗa tana kuka, ni kuma ina tsaye da kwando a hannu kamar gunki. Me zan ce? Innarki ba akuya ba ce da za a sa wa igiya a ja.

Daga nan na wuce wurin Fasto Barnaba na zayyana masa komai. Ya zo gidan da kansa da la'asar. Ya yi mata magana a hankali, ya ce hikimar likita ma kyautar Allah ce, zuwa asibiti ba musun Almasihu ba ne, shi kansa kullum sai ya haɗiyi ƙwayar hawan jini kafin ya hau bagade. Ta saurare shi har ya gama, kanta a sunkuye. Sannan ta ce, Fasto, da bakin nan nawa na gaya wa ƙauyuka fiye da goma cewa Yesu Ya warkar da ni. Akwai waɗanda suka bar majami'a shekaru, suka dawo saboda wannan magana. Idan aka gan ni a layin asibiti, ba ni za a kira maƙaryaciya ba, Shi za a kira. Ta ce gara ta mutu da ta jawo wa sunansa abin kunya.

Sai kuma ta kawo zancen Keziya. Ba lalle ki san ta sosai ba, ita ce matar Luka ɗan Dattijo Habila, an kawo ta bayan tafiyarki. Yarinya ce ƙarama, 'ya'yanta biyu, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Da damina ita ma ta ji ƙari a ƙirjinta. A asibitin Kura suka ce ta wuce Kano a duba. Maimakon Kano sai ta zo wurin innarki, suka yi azumi tare, innarki ta ɗora mata hannu. Tun daga nan Keziya take cewa ta karɓi nata warkarwar, lokaci kawai take jira. Innarki ta ce wa Fasto, yarinyar nan da bangaskiyata take tsaye, idan na durƙusa ita ma ta faɗi.

Uwani, a raina na ce idan kika ci gaba da tsayuwar nan, ku biyu za mu binne. Fasto ya yi addu'a ya tashi. Da na raka shi ƙofar gida ya daɗe riƙe da babur bai tayar ba. Ya ce shi makiyayi ne, yana iya kira, ba ya iya ɗauka da ƙarfi. Ya kuma roƙe ni in riƙe sirrinta tunda ba ta yarda a faɗa ba.

Na shiga azumi tun ranar. Ina roƙon abu biyu da ban san ko suna tafiya tare ba: Ya warkar da ita kamar yadda ta faɗa, ko Ya karya mata zuciya ta yarda mu tafi. Har yanzu ban ga ko ɗaya ba. Da safe ina jin ta tana raira waƙar yabo tana shara da hannu ɗaya.

Ki kula da kanki, watanki ya kusa. Ki gaishe da Irmiya da maƙwabtanku. Allah Ya sauke ki lafiya.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Filibus

Gidan Tanko
Watan Mayu

Zuwa ga Uwani,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma sake yi miki barka da arziki. Yaya jikinki, yaya wurin ɗinkin? Yaya amaryata, tana samun nono? Irmiya ya kyauta da ya sa mata sunan innarki. Ranar da kuka faɗa mata a waya, bayan ta ajiye ta juya fuska bango ta daɗe tana kuka. Ta ce a riƙa kiran yarinyar Ummi. Ki bi maganar likita, tunda aiki aka yi miki kada ki yi gaggawar hawa mota.

A waya na ce miki mun je Kano mun dawo, ban ƙara ba domin tana kusa. Ga yadda aka yi. Bayan bikin tashin Almasihu zafin ciwon ya tsananta. Ta matsa sai ta je wurin aiki, wai kada mutane su fara tambaya. Tana tsaye bakin tukunya tana juya shinkafa sai ƙafafunta suka saki. Allah Ya sa Mairama na kusa ta fizgo ta, da cikin wuta za ta faɗa. Kafin a kira ni daga gona, 'ya'yan Mairama sun sa ta a mota. Ba ta san inda kanta yake ba sai da muka wuce Kura. Da ta farfaɗo ta gane hanyar, sai ta rufe ido.

Likitan da ya gan ta shi ne na farko, kuma ya gane ta. Bai yi mana faɗa ba. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini, muka yi kwanaki a can. Daga baya ya kira ni gefe ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya da huhu, aiki ba zai yi amfani ba yanzu. Abin da ya rage shi ne maganin rage zafi da kula da gyambon. Na tambaye shi, da mun dawo wancan lokacin fa? Ya ce motsewar da ƙarin ya yi a lokacin alama ce mai kyau, amma shi ba Allah ba ne, ba zai iya rantsewa ba. Ya dafa kafaɗata ya shiga wurin wani.

Mun dawo gida. Tana kwance, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ta ce in gaya wa masu zuwa dubiya zazzaɓi ne da ciwon baya, haka nake faɗa. Amma gari ƙarami ne, ana raɗe-raɗi. A taron dattawa Habila ya ce warkarwa kamar ruwan kanal ce, idan wani a gidan ya huda kunyar gona da shakka, sai ta zurare. Bai kira suna ba, amma ni yake kallo. Na dawo ina ta juya maganar: ko da gaske tambayar da na yi mata a gindin mangwaro ce ta jawo? Hankalina ya ce a'a, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Keziya kullum sai ta kawo kunun gyaɗa. Ta kan durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, Inna, wanda Ya kawar da babban ciwo, zazzaɓi ne zai gagare Shi? Innarki ta ce amin. Ni ke karɓar kwanon, ni ke cewa da sauƙi.

Jiya da rana bayan na ba ta magani ta riƙe hannuna. Ta ce, Filibus, zafin nan da na ji ranar taro, na rantse na ji shi. To Shi ne Ya ba ni Ya karɓe, ko ni ce na ruɗi kaina? Tunda muke ba ta taɓa yi mini tambayar da ta shafi bangaskiya ba, kullum ita ce mai amsa. Na ce ban sani ba, Liyatu. Ta ce ita ma haka. Na yi ta yi mata fifita har barci ya ɗauke ta.

Ki sa mu cikin addu'a. Ki shafa mini kan Ummi, ki gaishe da babanta.

Naki,
Baba

Gidan Tanko
Watan Yuni

'Yata abin ƙaunata Uwani,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin ƙara samun ƙarfi, Ummi tana girma, Irmiya yana lafiya. Nan ruwa ya sauka, kowa ya duƙufa dashen shinkafa. Ni bana na bar wa ƙanin Hashimu gonar ya noma, ba ni da sukunin barin gida. Na ji daɗi da kika ce likita ya yarda ki taso ƙarshen wata. Idan da hali ki rage kwanakin, ki zo mata da takwararta ta gani. Numfashinta ya fara gajarta.

Na rubuto ne don ki ji abin da ya faru daga bakina, kafin ki ji shi a karkace.

Makon jiya Keziya ta kawo kunu kamar kullum, da 'yarta a hannu. Innarki ta ce ta shigo ciki ta zauna. Yarinyar ta fara kuka tana laluben nono, ta kama ɓangaren hagu. Keziya ta zabura ta ture hannun 'yar, ta cije leɓe, ta mai da ita dama. Da za ta tashi goya ta, sai da ta tokare ta da gwiwa ta cicciɓa da hannu ɗaya. Duk innarki tana kallo. Bayan ta fita, innarki ta daɗe idonta a ƙofa. Ranar ko kunun ba ta taɓa ba. Da yamma ta ce in je in gaya wa Fasto tana so a ba ta lokacin shaida ranar Lahadi.

Na ce ba za ta iya zama ba balle magana. Ta ce ko a kan tabarma ne a kai ta. Mairama ta zo da sassafe ta wanke ta, ta ɗaura mata zanin zumunta, ta raka mu har bakin majami'a ta tsaya daga waje. Ni da Luka muka ɗauke ta a kujera muka ajiye gaban bagade. Mutane da suka gan ta suka fara guɗa da tafi, sun ɗauka wata sabuwar warkarwa za a ji. Mai ganga har ya fara kaɗawa. Ta ɗaga hannun dama, aka yi tsit.

Muryarta ba ta fita sosai, sai Fasto ya durƙusa ya riƙe mata abin magana a baki. Zan rubuta miki yadda na iya riƙewa. Ta ce: 'Yan'uwa, a nan na tsaya na ce muku na warke. Ban warke ba. Ciwon yana nan, ya daɗe da dawowa, ni na ɓoye. Ba zazzaɓi ba ne, ni na sa mijina ya faɗi haka. Abin da na ji ranar taro na ji shi, amma ban san ma'anarsa ba, na yi gaggawar ba shi suna. Na zaci ina tsare wa Yesu mutunci ne, ashe Shi ba Ya bukatar ƙaryata. Bai rabu da ni ba, ko yanzu Yana tare da ni a kan wannan kujera, amma bai ɗauke ciwon ba, kuma ban san dalili ba. Ku ci gaba da roƙon warkarwa, Yana yi. Amma ku roƙa kuna tafiya asibiti.

Sai ta nemi Keziya da ido cikin mata. Ta ce: Keziya 'yata, ki yafe mini. Ki tashi ki je Kano. Kada ki bi sawuna, ga inda ya kawo ni.

Uwani, ban taɓa jin shiru irin wannan a majami'a ba. Babu amin, babu tafi. Wata tsohuwa daga baya ta fashe da kuka. Habila ya ɗauki sandarsa ya fita, wasu suka bi shi. Keziya ta sunkuce 'yarta ta fita ta ƙofar mata ba ta waiwayo ba. Fasto ya sa aka yi addu'a aka tashi. Muna fitowa Mairama ta karɓi gefen kujerar daga hannun Luka.

Litinin da Talata babu kunu, babu mai dubiya sai mutum biyu uku. Na ji an ce wasu na cewa ta zubar da bangaskiyarta a bakin kabari, wasu na cewa ni da Mairama muka juya mata kai. Innarki ba ta tambayi abin da ake cewa ba. Motsi kaɗan a ƙofa sai ta buɗe ido, ta ga ba Keziya ba ce, ta mayar.

Ranar Laraba da hantsi Luka ya yi sallama. Ya tsuguna a zaure yana murza hula. Ya ce Keziya ta yarda, amma su ba su san kan asibitin ba, ko zan raka su. Ya ce mahaifinsa bai sani ba. Na bar innarki a hannun Mairama muka tafi washegari. Duk hanya Keziya ba ta dube ni ba. Likita ya duba ta, suka yanki ɗan nama za su gwada. Ya ce abin ya girma, har ya taɓa hammata, an yi jinkiri, amma ba irin jinkirinmu ba. Idan sakamako ya fito za a fara magani nan da nan, kuma dole a yaye yarinyar. Luka ya tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Ban san ko za ta jure maganin ba, ban san ko Habila zai bari su koma ba. Har yau kuma ba ta tako gidanmu ba.

Da na dawo da yamma na zauna bakin gado na ba innarki labari duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Ta saurara idonta a rufe. Da na gama ta ce, to, madalla. Can ta ce in yi mata addu'a, ita yau ta gaji, ba ta da ƙarfin yi da kanta. Na tambaye ta me zan roƙa. Ta ce duk abin da ke zuciyata da gaske, kada in yi wa Allah kwalliya.

Na durƙusa na riƙe hannunta. Na so in ce Ya ba ta hutu, Ya sauƙaƙa mata tafiya, Ya ba mu haƙuri, irin addu'ar da ta dace da mutumin da ya ji bayanin likita da kunnensa. Da na buɗe baki, Uwani, sai na ji ina cewa Ubangiji Ka warkar da matata, Ka warkar da matata. Na yi ta maimaitawa kamar yaro, na kasa wuce wurin. Ba ta hana ni ba. Da na yi shiru ta ce amin a hankali.

Yau da safe ma shi na roƙa. Ban iya wata addu'ar ba.

Ki gaishe da Irmiya, ki ce na gode da haƙurinsa. Mairama tana gaishe ki. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya tsare hanya.

Ni ne mahaifinki,
Filibus Tanko